Alhaji Mamman Shata da Waƙoƙinsa da Kamfani Bai Ɗauka Ba

Duk wanda ya tashi a kudancin ƙasar Katsina, kama daga Funtuwa zuwa Faskari da Sabuwa, ko daga Malumfashi zuwa Ƙanƙara, da wuya a ce bai taɓa cin karo da gardama a kan waƙar Shata ba, ko a zaure, ko a tashar mota, ko a teburin mai shayi. Gardamar kuwa kusan kullum iri ɗaya ce. Wani ya kawo ɗan waƙa ya ce haka Shata ya faɗe shi, wani ya ce sam ba haka yake a kaset ɗin gidansu ba. In an yi sa'a kaset ɗin suna kusa, sai a ɗauko a saka, a tarar kowa da gaskiyarsa. Gindin waƙar ɗaya ne, kiɗan ɗaya ne, amma 'ya'yan sun sha bamban, domin an ɗauki wannan a wani gari, an ɗauki wancan a wani garin, watakila da shekara goma a tsakani.

Ta wannan ƙofa za a shiga tarihin Alhaji Mamman Shata a wannan maƙala. Masana sun yi rubuce-rubuce da dama a kansa, tun daga kundin digiri na uku da Ɗandatti Abdulƙadir ya gabatar a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, mafi yawan abin da Shata ya rera a rayuwarsa bai taɓa shiga faifan kamfani ba. Wanda ya tsira daga cikinsa, ya tsira ne a hannun gidajen rediyo da kuma talakawa masu rikoda.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a garin Musawa ta ƙasar Katsina a wajajen 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, na mahaifiyarsa kuwa Lariya, dukansu biyu Fulani. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, bai gaji kalangu ba ta wajen uwa ko ta wajen uba. Ya yi karatun allo kamar sauran yaran zamaninsa, ya yi noma, ya kuma taɓa tallar goro, daga baya ya koma sayar da alewa. Laƙabin Shata kuwa wani ɗan'uwansu ne da ake kira Baba Salamu ya laƙaba masa tun yana yaro, ya bi shi har kabari.

A dandali ya fara waƙa, wurin da samari da 'yan mata kan taru da dare bayan an ci tuwo. Waƙoƙin samartaka yake yi, irin su asauwara, kuma a farkon al'amari ba don a ba shi ko anini ba, sai don nishaɗi da neman a ce ya fi tsara. Mahaifinsa bai so wannan hanya ba ko kaɗan, domin a wurin Bafillace na wancan zamani waƙa roƙo ce, roƙo kuwa zubar da girma ne ga wanda bai gada ba. An yi faɗa, an yi lallashi, yaro bai bari ba.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan mafari, don shi ne ya sa Shata ya fita daban. Makaɗin fada, kamar Ibrahim Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo ko Sa'idu Faru, yakan zauna da 'yan amshinsa su tsara waƙa, su maimaita ta har ta zauna, sa'an nan a kai ta gaban sarki. Kowane ɗa yana da mazauninsa, 'yan amshi ma sukan karɓi ɗa su ƙarasa shi tare da ubangidansu. Makarantar Shata kuwa dandali ce, inda ba a shiri. Abin da ido ya gani a wannan dare shi ake waƙewa, wanda ya shigo fili yanzu shi ake kira, in an yi jinkiri kuma wani ya ƙwace fagen. Da wannan tarbiyya ya girma, bai kuma sake ta ba har ya tsufa. 'Yan amshinsa gindin waƙa kawai suke riƙewa, su yi ta maimaita shi, shi kuwa ya yi ta ɗora abin da ya zo masa.

Zaman Bakori da na Funtuwa

Da waƙa ta kama shi sosai, sai ya bar Musawa ya koma Bakori, inda ya zauna a ƙarƙashin Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a can, a harkar cinikin auduga da gyaɗa. A Bakori ya yi aurensa na fari, daga nan kuma ya riƙa fita yawon kiɗa zuwa garuruwa na kusa da na nesa. A 1952 ya yi wasa a Kano a wani babban biki da aka yi wa laƙabi da bikin 'yan sarki, inda aka aurar da 'ya'yan gidan sarauta da dama a lokaci guda. Daga wannan biki sunansa ya wuce ƙasar Katsina. A 1960 ya tare a Funtuwa, ita ce kuma ta zama gidansa kusan shekara 40, ko da yake ya mallaki gidaje a wasu garuruwan.

Zaɓen Funtuwa ba a banza ba ne. Gari ne na mahaɗa. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta nufi Gusau da Ƙauran Namoda ta ratsa ta cikinsa, ga kuma injin gurzar auduga wanda ya tara leburori da dillalai da direbobi daga ko'ina. Hanyar mota ta Gusau ta bi ta ƙasar Faskari, ta Sheme da 'Yankara. Wata ta yi kudu maso yamma ta Ɗandume zuwa Sabuwa. Wata kuma ta yi arewa ta Bakori zuwa Malumfashi, inda ake ratsewa a shiga Ƙanƙara. Dukan wannan yanki ƙasar noma ce, ta auduga da dawa da masara. Da kaka ta yi, aka buɗe kasuwar auduga, kuɗi ya shiga hannun manomi, sai bukukuwa su kankama, na aure da na naɗin sarauta da ajo. Makaɗin da ke zaune a Funtuwa yana tsakiyar wannan arziki ne, duk inda aka kira shi yana iya zuwa ya kwana ɗaya ya komo.

Shata bai taɓa zama makaɗin wata fada ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, kuma kusancinsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar sanannen abu ne, amma bai karɓi matsayin baran da ba ya fita sai da izini ba. Ya waƙe sarki, ya waƙe dogarinsa. Ya waƙe attajiri da direba da sarkin bori da matan bariki. Ya yi waƙoƙin ƙarfafa soja a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya yi na noma da na gargaɗi, har kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka aika wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Ya kuma yi zambo mai zafi ga waɗanda suka ɓata masa, wani lokaci har ya wuce gona da iri, kuma waƙarsa ta masu shaye-shaye ta jawo masa suka daga malamai. Mutumin da ya ƙi ɗaure kansa a turken sarki, ba abin mamaki ba ne don turken kamfani bai riƙe shi ba.

Faifai, Rediyo da Kaset

Hanya uku muryar Shata ta bi ta isa kunnen wanda bai je wurin wasa ba, kuma kowace da irin abin da ta yi wa waƙar.

Ta farko ita ce faifai. Faifan garmaho na da ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 3 a kowane gefe. Babban faifan da ya biyo baya, irin wanda kamfanin EMI ya buga wa Shata, yakan ɗauki wajen minti 20 a gefe guda, a nan ma sau da yawa sai a cusa waƙa biyu ko uku. To, mutumin da ya saba ya riƙe gindi ɗaya ya yi ta ɗora masa 'ya'ya muddin fili yana da zafi, an shigar da shi ɗakin ɗaukar murya, an rufe ƙofa, babu wanda ake yi wa waƙar, babu mai kari, babu mai guɗa, ga wani ma'aikaci yana duban agogo. Abin da ya fito yana da tsabta, kalangu yana fita sarai, kowace kalma ana jin ta. Ba za a raina waɗannan faya-fayai ba, don su ne suka adana muryarsa da mafi kyawun sauti. Amma waƙar cikinsu taƙaitawa ce, kamar a ba mutum labarin biki maimakon a kai shi.

Ta biyu ita ce rediyo. Tun da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna a 1962, ma'aikatansa suka riƙa ɗaukar makaɗan Hausa a manyan na'urorin tef, wani lokaci a cikin gidan, wani lokaci a wurin taro. Rediyo ya fi faifai sakin mara, amma shi ma yana da lokacin shiri, yana kuma da almakashi. Zambon da ya ambaci wani babba, ko ɗan waƙar da ya yi nauyi a baki, ba ya wuce teburin mai tacewa.

Ta uku ita ce kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma cika kasuwannin Arewa a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya sa rediyo mai rikoda ya shiga hannun malamin makaranta da direba da alhajin ƙauye. Wannan 'yar na'ura ita ce ta sauya al'amarin baki ɗaya. Ba ta bukatar lantarki, batir ya ishe ta. Kaset guda yana ɗaukar minti 30 ko 45 a kowane gefe. Abin da ya fi muhimmanci, ba ta neman izinin kowa. Ranar biki sai mai gida, ko wani ƙaninsa, ya ajiye rikoda a kan tabarma kusa da makaɗa ya danna, in gefe ya cika ya juya. Washegari abokai su kawo nasu kaset a kwafa musu. Daga nan ya faɗa hannun masu rumfar kaset a kasuwa, waɗanda ke jera rikoda su yi ta juyawa, su rubuta sunan waƙa da biro a bayan kwali. Direban da ya yi lodi a Funtuwa ya saya, kafin mako ya zagayo ana jin wasan a Sabuwa da 'Yankara.

In aka auna da ma'aunin kamfani, waɗannan kaset ba su da kyau ko kaɗan. Akwai shuu a cikinsu, kalangu yakan danne murya in an ajiye rikodar kusa da makaɗa, wani wuri kuma waƙa ta yanke a tsakiya don gefe ya ƙare. In batir ya yi sanyi a lokacin ɗauka, sai murya ta sirance ta yi sauri sa'ad da aka saka kaset ɗin a rikoda mai sabon batir. Kwafi na biyar ko na shida kuwa sai ka ce daga cikin rijiya ake waƙar. Duk da haka masu sha'awar Shata na haƙiƙa su suke nema, suna kuma alfahari da mallakar wanda wani ba shi da shi. Dalilin wannan ya cancanci a tsaya a kansa.

Da farko dai, a cikinsu ne ake jin Shata yana aikinsa na ainihi, watau ƙirƙira a nan take. Ana jin sa'ad da wani ya shigo fili, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da abin da ya bayar, sai waƙar ta karkata ta nufe shi, a kira ubansa da garinsu da sana'arsa, sa'an nan a komo kan wanda ake yi wa. Ana jin guɗar mata daga cikin gida. Ana jin inda ya ja hankalin makaɗansa, da inda ya bar kalangu ya yi magana shi kaɗai, 'yan amshi suna jiran ya dawo. Mai nazarin waƙar baka ya san cewa waɗannan duka sassan waƙar ne, domin waƙar baka aiki ce da ake yi tsakanin makaɗi da jama'a, kuma kamfani jama'ar yake fara cirewa.

Sa'an nan akwai maganar suna. Faifan kamfani na manya ne, waɗanda sunansu zai sayar da faifai a Kano da Jos da Kumasi. Kaset ɗin biki kuwa yana ɗauke da sunan sarkin pawan wani ƙauye, da na dillalin auduga, da na wata uwargida da ta aiko da turmin atamfa. Watakila a duk duniya babu wata takarda da ta ambaci waɗannan mutane, amma ga sunansu a bakin Shata. Iyalin da ke da irin wannan kaset suna ajiye shi ne kamar yadda ake ajiye hoton kaka, rashin kyan sautinsa kuma bai dame su ba.

Akwai kuma abin da ya shafi ɗalibin adabi kai tsaye. Bakandamiya, wadda ita ce waƙar da Shata ya yi wa kansa kirari a ciki, ya rera ta sau da yawa cikin shekaru masu yawa, kowane rerawa da abin da ya ƙaru ko ya ragu. Ɗalibin da ya juyi guda ɗaya daga faifai ya rubuta a takarda, ya ce ga matanin Bakandamiya, ya yi kuskuren da malamansa ya kamata su tsayar da shi a kai. Abin da ya samu rerawa ɗaya ce ta rana ɗaya. Sai an jera rerawa da dama kafin a gane abin da yake tsayayye a waƙar da abin da yake na wannan dare kaɗai, kuma ba a samun wannan jeri sai a kaset ɗin mutane.

Wannan sha'awa ba ta tsaya ga Hausawa ba. Mawaƙan Buzaye na ƙungiyar Tinariwen sun yi shekarun 1980 waƙoƙinsu suna yawo a Sahara daga hannu zuwa hannu a kaset, tun kafin wani kamfani ya san da su. A Amurka ma, inda kamfanonin waƙa suka fi ƙarfi, mawaƙi Bruce Springsteen ya ɗauki wasu waƙoƙi a ɗakinsa da ƙaramar rikoda a 1982, da nufin ya sake su a ɗakin kamfani tare da makaɗansa. Da aka sake sai aka ga wani abu ya ɓace, aka koma aka buga na gidan da sunan Nebraska.

Tilas a faɗi ɗaya gefen maganar. Kwafar kaset ba ta kawo wa makaɗi ko kwabo. Ta taimaka wajen karya kasuwar faifai, har manyan kamfanonin ƙetare irin su EMI da Polygram suka sayar da harkarsu a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ba ta hana masu rumfa sana'arsu ba. Mawaƙin da ya dogara da cinikin faifai ya ji jiki. Shata kuwa arzikinsa ba a can yake ba. Abin da ya samu na motoci da dawaki da riguna da kuɗi, a fili ya same shi, daga hannun waɗanda ya waƙe. Kowane kaset da ya shiga wani ƙauye talla ce, don wanda ya ji an kira sa'ansa a waƙa shi ma zai so a kira shi. Ta haka ɓarnar da ta durƙusar da kamfani ta ƙara masa kasuwa, ko da yake iyalan makaɗa da 'yan amshin da suka yi wannan aiki tare da shi ba su ga ribar yaɗuwar ba.

Ƙarshen Rayuwarsa

Shata ya taɓa siyasa. A shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, a jamhuriya ta uku kuma ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Funtuwa, abin da bai ƙare da daɗi ba. Ya yi aikin hajji, ya kai waƙa ƙasashen Afirka ta Yamma da Turai da Amurka. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1988, daga nan aka riƙa kiransa Dokta. An sha tambayarsa yawan waƙoƙinsa, amsarsa kullum ita ce shi ma bai sani ba. Wasu sun ɗauki wannan a kan cika baki, alhali gaskiya ce tsagwaronta, don mutumin da ke yin waƙa a fili ya wuce ba ya da littafin lissafi.

Ya yi jinya a Jidda da Kano, ya rasu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999. An kai shi Daura aka binne shi a can, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

Bayan rasuwarsa, aikin tattara tarihinsa ya faɗo a kan mutanen wannan yanki da ya zauna a tsakiyarsa. Littafin Shata Ikon Allah, wanda ya fito a 2006, mutum huɗu suka rubuta shi: Ibrahim Sheme, da Yusuf Tijjani Albasu, da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, da Ali Malami. Na farko ɗan Sheme ne ta ƙasar Faskari, na uku kuma sunansa ya faɗi garinsu, shi ne ma ya ci gaba da bin sawun waƙoƙin har ya fitar da wani littafin mai suna Mahadi Mai Dogon Zamani.

Aikin da ya rage ya fi wanda aka yi wuya. Da wayar hannu ta zo, masu tura waƙa a kasuwa sun juye kaset da yawa zuwa katin waya, wasu kuma sun hau YouTube. Wannan ya ceci sauti, amma ya yar da kwalin, wanda a kansa ne kaɗai wani lokaci aka rubuta gari ko shekara. Kaset ɗin da ba a juye ba kuwa zafi da laima da ƙura suna cin zarensu a cikin adaka. Ga kuma halin da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka shiga na hare-haren 'yan bindiga, wanda ya kai ga sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, ya kuma tashi ƙauyuka da dama. Wanda ya bar gidansa da gudu cikin dare ba ya tsayawa ɗaukar kwalin kaset. Saurayin da yake ɗan shekara 20 a 1975, wanda ya ajiye rikoda a kan tabarma ya danna, ya cika 70 a 2025, kuma in ba shi ba babu mai iya faɗin a ƙofar gidan wa aka yi wasan, ko wane ne mutumin da sanƙira ya kira.